Matatar Ruwa ta Sawyer Squeeze: Abin da Na Gani Bayan Shekara Uku Ina Tattaki da Ita

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya yini yana tafiyar ƙafa a kan tsaunuka ya san cewa babu abin da ke cin kafaɗa kamar ruwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne cif, kuma wannan lissafi ba ya sauyawa komai kyawun jakar da aka ɗora shi a ciki. Mai tafiya cikin yanayi madaidaici yana bukatar kimanin rabin lita a kowace awa, idan rana ta take ko hanya ta miƙe sama kuwa bukatar takan ƙaru sosai, saboda haka tattakin awa takwas yana nufin kilo huɗu ko fiye na ruwa kaɗai, tun kafin a zo maganar guzuri da rigar ruwa da fitila da kayan agajin gaggawa. Wannan nauyi shi ne ke sa mutane da yawa su rage ruwan da suke ɗauka, su ce ai za su samu a hanya, kuma daga nan matsalar take farawa.

Ni ma a cikinsu nake shekaru da dama. Wata rana ruwana ya ƙare alhali saura kusan awa biyu in sauko, sai na tarar da wata ƙorama tana gangarowa tsakanin duwatsu, ruwanta garau har ana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa, ga sanyi mai ratsa haƙori. Na durƙusa na sha har na ƙoshi, na kuma cika gorata. Ban ji komai ba a ranar, ban ji komai ba a makon, sai bayan kwana tara ko goma cikina ya fara murɗawa, gudawa ta biyo baya tare da kumburin ciki da wata irin gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, lamarin da ya hana ni sakat kusan mako biyu. Da aka yi gwaji a asibiti aka ce Giardia ce, wata ƙaramar halitta da ke zama a hanjin mutane da dabbobi, tana fita cikin bayan gida a lulluɓe da ɓawo mai tauri, kuma tana iya rayuwa makonni har watanni cikin ruwa mai sanyi tana jiran wanda zai haɗiye ta. Ba baƙuwa ba ce ga masana, domin tun a 1681 Antonie van Leeuwenhoek ɗan ƙasar Holand ya hango ta da madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin shan ruwan da bayyanar ciwon. Mako ɗaya zuwa biyu take ɗauka, shi ya sa mutane da yawa ba sa taɓa danganta ciwon cikinsu da ƙoramar da suka sha, sai su ɗora laifin a kan abincin da suka ci jiya.

Bayan na warke na sayi matatar ruwa ta Sawyer Squeeze, wadda kamfanin Sawyer da ke jihar Florida ta Amurka yake yi, kuma yau shekara uku ke nan ba ta rabu da jakata ba. A ido ba ta da wani kwarjini. Baƙin bututun roba ne mai kauri wanda tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, yana zama daram a tafin hannu, nauyinsa kimanin giram 85. Gefe ɗaya yana da bakin da ake murɗa wa kwalba ko jakar leda ta ruwan da ba a tace ba, ɗaya gefen kuma yana da farin murfi irin na gorar 'yan wasanni, wanda ake ja ya buɗe a danna ya rufe, sannan a jikin bututun akwai kibiya da ke nuna inda ruwa ya kamata ya nufa. Ƙunshin da na saya ya zo da jakunkunan leda masu naɗewa, da babban sirinji marar allura na wanke ta, da 'yan mahaɗai na jona ta da tiyo. Babu batir, babu famfo, babu wani sashe mai motsi da zai karye, kuma wannan rashin tarkace yana cikin manyan abubuwan da suka sa na amince da ita.

Sirrin yana ciki. An cika bututun da ɗaruruwan zaruruwa masu rami a tsakiya, kowanne kamar siririn tsinke da aka fafe, an lanƙwasa su an haɗe bakunansu wuri ɗaya, irin fasahar da ake amfani da ita a na'urar wankin ƙoda. Bangon kowane zare cike yake da ƙofofi waɗanda faɗinsu bai wuce maikiron 0.1 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100, wato kowace ƙofa ta fi gashi siranta sau ɗaruruwa. Idan aka matsa ruwa, sai ya ratsa bangon zaren ya shiga raminsa ya fita ta baki, duk abin da ya fi ƙofar girma kuwa ya tsaya a waje. Ɓawon Giardia yakan kai maikiron 8 zuwa 12, na Cryptosporidium, wata ƙaramar halitta irinta mai haddasa gudawa, kimanin 4 zuwa 6, ƙwayoyin bakteriya irin su E. coli da masu haddasa kwalara da taifot kuma suna tsakanin rabin maikiron da maikiron biyu ko uku, saboda haka babu ɗayansu da zai iya kutsawa. Kamfanin ya ce ma'aunin 0.1 iyaka ne ba matsakaici ba, ma'ana babu ƙofar da ta fi haka girma, ya kuma ce matatar tana cire kashi 99.99999 cikin ɗari na bakteriya da kashi 99.9999 na irin su Giardia da Cryptosporidium. Ni dai ba ni da ɗakin gwaji, abin da zan iya ba da shaida a kansa shi ne cewa cikin shekara uku na sha ruwan ƙoramu da tafkuna da kududdufai ta cikinta, kuma ciwon nan bai sake dawo mini ba.

Yadda ake aiki da ita ba ya bukatar koyarwa mai tsawo. Nakan nemi wurin da ruwa ke gudu, in fi son inda yake zubowa daga kan dutse domin a nan kwalba ta fi saurin cika kuma laka ta fi ƙaranci, in cika kwalbar, in murɗa matatar a bakinta, in kifa ta, sannan in matsa da hannu biyu. Da farko wasu 'yan kumfa ne ke fitowa, sai kuma ruwan ya miƙe siriri kamar igiya yana zuba cikin gorar sha. Idan matatar tana da tsabta, lita ɗaya takan ɗauke ni minti ɗaya zuwa biyu. Wani lokaci ma ba na juyewa, sai in bar ta a bakin kwalbar in riƙa zuƙa kai tsaye ina tafiya. A wurin kwana kuwa, inda ake bukatar ruwa mai yawa na girki da na mutum biyu ko uku, nakan cika jakar leda in rataye ta a reshen bishiya, matatar tana reto a ƙasanta, nauyin ruwan da kansa ya riƙa tura shi yana ɗiga cikin tukunya yayin da nake kafa tanti. Kafin in gama ɗaure igiyoyi tukunyar ta cika.

Babban alherin da na samu daga gare ta ya wuce tsabtar ruwa, domin ta sauya yadda nake tsara tafiya gaba ɗaya. Da can tambayata kafin fita ita ce lita nawa bayana zai iya ɗauka. Yanzu nakan shimfiɗa taswira in bi shuɗayen layukan da ke nuna rafuka, in auna tazarar da ke tsakanin wannan ruwa da na gaba, in ɗauki abin da zai kai ni can da ɗan rara. A hanyar da ruwa ya wadata, lita ɗaya da rabi takan ishe ni maimakon huɗu, kuma wanda bai taɓa sauke kilo biyu da rabi daga bayansa a tsakiyar hawa ba, ba zai gane irin sauƙin da gwiwa ke samu ba. Haka kuma na daina yi wa kaina rowar ruwa, wanda shi ne ke jawo ciwon kai da kasala da yamma. Sai dai taswira ba ta san fari ba. Rafin da aka zana da shuɗin layi yana iya zama busasshen yashi a ƙarshen rani, kuma matata ba ta haƙa rijiya, saboda haka ina tambayar waɗanda suka bi hanyar kwanan nan, kuma ba na taɓa barin gorata ta ƙare ƙaf bisa dogaro da ruwan da ban gani da idona ba.

Akwai wata dabara a ƙirarta da ta cancanci yabo na musamman. Bakinta yana da faɗin milimita 28, wato daidai da bakin yawancin kwalaben roba na lemo da na ruwan sha da ake samu kusan ko'ina a duniya. Wannan yana nufin mutum bai dogara da jakunkunan da suka zo da ita ba. Masu dogon tattaki a Amurka, irin waɗanda ke bin hanyar Pacific Crest mai tsawon kilomita fiye da 4,200 daga iyakar Meksiko zuwa ta Kanada, ko hanyar Appalachian mai kimanin kilomita 3,500, sun shahara da haɗa ta da dogayen kwalaben ruwan sha na Smartwater, domin suna shiga aljihun gefen jaka cikin sauƙi kuma suna jure matsa. Dalilin da ya sa ake fifita kwalba a fili yake: kowace jakar leda mai laushi takan manne idan aka tsoma ta cikin ruwan da ba ya gudu, ruwan ya ƙi shiga, alhali kwalba tana riƙe siffarta. Wanda ya fi son jakar leda saboda rashin nauyinta sai ya yanke gindin wata tsohuwar kwalba ya mayar da shi moɗa, ya riƙa ɗiba yana ɗurawa. Kuma kowace irin leda ce, a naɗe ta daga ƙasa a hankali kamar tabarma, kada a murɗe ta kamar ana matse wanki, domin wurin da baki ya haɗu da jiki shi ne ya fi rauni.

A cikin bakin da ake murɗa kwalba akwai wani ɗan zoben roba wanda shi ne ke hana ruwan datti tsiyayowa ta gefe. Ƙarami ne ƙwarai, amma idan ya faɗi ko ya lanƙwashe saboda an ɗaure kwalba da ƙarfin tsiya, ruwan da ba a tace ba zai bi jikin matatar ya ɗiga cikin gorar sha, aikin ya zama na banza. Nakan leƙa in tabbatar yana nan duk lokacin da na cire kwalba, kuma ina ajiye guda ɗaya na ko-ta-kwana a cikin kayan agajin gaggawa.

Inda masu saye da yawa ke yin kuskure shi ne wajen wanki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a ganina wanda bai shirya wanke ta ba gara ma kada ya saya. Duk abin da matatar ta tare, a jikin zaruruwan nan yake taruwa. Laka da gansakuka da ɓurɓushin ganye suna toshe ƙofofin sannu a hankali, har ruwan da ke zuba kamar igiya ya koma ɗigo. Na ga wannan da idona a shekarar farko, ranar da ruwan sama ya dama wata ƙorama ta koma ja kamar an jiƙa jar ƙasa, ni kuma don gaggawa na ɗebo na tace kai tsaye ba tare da na bari ya kwanta ba. Kafin lita ta uku, hannuwana sun gaji da matsa, ruwan kuma sai ɗis, ɗis. Maganin shi ne a tura ruwa mai tsabta ta baya, wato ta bakin da ake sha, domin ya bankaɗo dattin ya fitar da shi ta inda ya shigo. Na zuƙo tataccen ruwa a sirinji, na cire farin murfin, na danna bakin sirinjin a kan bakin matatar, na tura da dukkan ƙarfina. Abin da ya feso ta ɗaya gefen a kan dutse ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kauri. Na bubbuga ta a tafin hannuna domin abin da ya manne ya saki, na sake turawa, na yi haka sau biyar ko shida har ruwan ya fito fari tas, kuma gudunta ya dawo kusan yadda yake a ranar da na saye ta.

Abin lura a nan shi ne ƙarfin turawar, musamman ta farko. Ruwa yakan bi hanya mafi sauƙi, don haka idan aka tura a hankali sai ya ratsa ta 'yan zaruruwan da suka riga suka buɗe ya bar sauran a toshe. Ba a kuma jira sai ta toshe sannan a wanke. Ni nakan yi mata wankin baya kowace yamma idan tafiyar ta kwanaki ce, da kuma duk lokacin da na dawo gida. Wanda ba ya son ɗaukar sirinji zai iya amfani da ɗan mahaɗin roba da ke jona bakin matatar da kwalbar ruwa mai tsabta, ya matsa kwalbar da ƙarfi, aikin ɗaya ne. Rigakafi kuma ya fi magani: idan ruwa ya gurɓace da laka, a ɗebo a ajiye shi na rabin awa ko awa ɗaya ya kwanta, a tsiyaye na sama, ko a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a kai shi ga matata.

Yanzu sai iyakokinta, waɗanda saninsu ya fi sanin alfanunta muhimmanci, domin wanda ya ɗauka tana maganin komai ya fi wanda ba shi da ita shiga haɗari. Na farko, ba a yi ta don tare ƙwayoyin bairos ba, kuma kamfanin bai yi iƙirarin haka ba. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in A da norobairos mai haddasa amai da gudawa girmansu bai wuce maikiron 0.03 zuwa 0.04 ba, rotabairos kuma kimanin 0.07, wato duk sun fi ƙofofin ƙanƙanta. Waɗannan ƙwayoyi galibi daga bayan gidan mutane suke shiga ruwa, saboda haka a can ƙuryar tsauni inda babu mazauna haɗarinsu kaɗan ne, amma a rafin da ya ratso ta ƙauye ko gari, ko kusa da sansanin da jama'a ke cika, ko bayan ambaliya, tacewa kaɗai ba ta wadatar ba. A irin wannan wuri nakan tace sannan in jefa ƙwayar kulorin, ko in tafasa. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar a bar ruwa yana tafasa sosai na minti ɗaya, ko minti uku idan an haura tsayin kimanin mita 2,000, saboda a can sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Tacewa da magani suna cike giɓin juna ne: kulorin yana kashe bairos cikin sauƙi amma Cryptosporidium na jure masa, kuma ita ce ta kwantar da mutum sama da 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993 ta cikin ruwan famfo, alhali matata tana tare ta ba wata wahala.

Na biyu, duk abin da ya narke cikin ruwa yana wucewa. Gishiri, maganin feshi da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, dalma ko zaiba daga wurin haƙar ma'adinai, da gubar da wasu nau'o'in gansakuka ke saki a tafkin da ya yi kore shar, babu wanda take cirewa. Tafasawa ma ba ta maganin waɗannan. Mafita kawai ita ce a duba abin da ke saman rafin kafin a ɗiba, a kuma wuce ruwan da ake shakka. Ba ta da gawayi a ciki, don haka ba ta gyara ɗanɗano ko launi. Na taɓa tace ruwan wani kududdufi da ganyaye suka jiƙe a cikinsa, ya fito da launin shayi marar madara yana ƙamshin ƙasa, lafiyayye ta fuskar ƙwayoyin cuta amma ba mai daɗin sha ba.

Na uku shi ne sanyi, kuma wannan ne ya fi ban tsoro domin ɓarnarsa ba ta bayyana. Da zarar an fara amfani da matatar, ruwa ba ya taɓa fita daga zaruruwan gaba ɗaya. Idan dare ya yi sanyin da ya kai ruwa ya daskare, ƙanƙarar takan kumbura ta tsattsage bangon zaren, sai ƙofofin da suke 0.1 su zama manyan ɓarakoki. Daga waje ba a ganin komai, ruwa zai ci gaba da fita, wataƙila ma da sauri fiye da da, amma ƙwayoyin cuta suna bin sa. Shawarar kamfanin ita ce duk matatar da ake zaton ta daskare a sauya ta. A kan tsaunuka masu tsayi sanyi kan faɗo da dare ko da rana ta yi zafi, saboda haka nakan girgiza ta, in sa ta cikin leda mai zif, in kwana da ita cikin bargona, da rana kuma idan iska na yanka sai ta koma aljihun ciki na rigar sanyi.

Kafin in tsaya a kanta na gwada wasu, kuma kowace tana da wurin da ta fi dacewa. Ƙanwarta, Sawyer Mini, ƙofofinta ɗaya ne da nata, nauyinta kimanin giram 57, kuma kamfanin ya ce tana iya tace galan 100,000, sai dai da yake zaruruwanta ba su kai yawan na babbar ba, ruwa ya fi tafiya a hankali kuma tana bukatar wanki akai-akai. A ganina giram 28 da aka rage bai kai lokacin da ake ɓatawa a bakin rafi ba. BeFree ta kamfanin Katadyn na ƙasar Suwizalan tana da saurin zuba mai ban sha'awa, kuma girgizawa cikin ruwa kawai ake yi a wanke ta, amma an ƙiyasta mata kimanin lita 1,000 ne, sannan bakinta mai faɗin milimita 42 ba ya hawa kwalbar lemo. LifeStraw ta asali, wadda ta fito a 2005, tsinken zuƙa ce da ake tsomawa cikin ruwa a sha, tana da kyau a ajiye don gaggawa, amma ba a iya cika tukunya da ita. Ƙwayoyin magani su ne mafi rashin nauyi, kuma ina ɗaukar 'yan kaɗan kullum saboda tsaro, sai dai nau'in da ke iya kashe Cryptosporidium yana bukatar jiran awa huɗu, aidin kuma ba ya kashe ta yadda ya kamata. Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas, amma tana cin makamashi da lokaci, kuma babu mai son ruwan zafi a tsakiyar hawa da tsakar rana.

Akwai wani abu da ba laifin kowace matata ba ne amma yakan sa a zarge ta, wato hannun mai amfani da ita. Kwalbar ɗiba daban, gorar sha daban, kuma na ɗaura jan zare a wuyan ta ɗiba domin kada in rikita su idan na gaji ko duhu ya yi. Bakin da ake sha ba ya taɓa ruwan rafi, kuma hannun da ya jiƙe wajen ɗiba ba ya taɓa shi. Ciwon ciki da yawa a wuraren tattaki daga hannu zuwa baki yake yaɗuwa, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da norobairos ya kama mutum fiye da 200 cikin masu tafiyar ƙafa da masu kwale-kwale a kwazazzabon Grand Canyon da ke Amurka. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe wannan bairos sosai, sabulu da ruwa ne maganinsa. Haƙƙin waɗanda ke ƙasan rafi kuma yana kan wanda ke sama: bayan gida da wanke-wanke a yi su aƙalla mita 60 daga bakin ruwa, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a binne.

Idan an dawo gida kada a jefa ta cikin akwati a jiƙe da ruwan daji. Nakan yi mata wankin baya, in zuba ɗan bilicin marar turare, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, cikin lita ɗaya ta ruwa, in tura ta cikinta, in ɗauraye, in girgiza, in bar ta ta sha iska kwana biyu. Idan ta daɗe a ajiye, ko kuma an yi ta tace ruwa mai yawan ma'adinai, takan toshe ta yi tauri har a zaci ta mutu. Jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ko cikin binega na kamar awa ɗaya, sannan a yi mata wankin baya mai ƙarfi, yakan farfaɗo da ita. Saboda wannan nake gwada ta a gida daren da zan fita, domin bakin rafi ba wurin gano cewa ta toshe ba ne.

Ga mai fita yawon awa biyu ko uku a hanyar da ya sani, gora biyu daga gida sun ishe shi, kuma ba zan ce lallai ya saya ba, ko da yake giram 85 a gindin jaka ba ya damun kowa ranar da aka ɓata hanya. Ga mai yini a daji, ko mai kwana ɗaya zuwa mako guda a inda ƙoramu ke gudu nesa da gidaje da gonaki, ban ga wata da ta haɗa sauri da ƙarko da sauƙin gyara kamarta ba, kuma ita zan sake saya idan wannan ta ɓace. Wanda hanyarsa ke bi ta kusa da garuruwa ya haɗa ta da ƙwayoyin kulorin ko ɗan murhu, wanda kuma zai shiga ƙasar ƙanƙara ya fi dogara ga tafasawa. Tawa a yanzu rubutun jikinta ya goge saboda gugar duwatsu, na sauya zoben roba sau ɗaya, kuma a gwajin da na yi mata a makon jiya, bayan wankin baya, ta cika gorar lita ɗaya cikin ƙasa da minti biyu.